Ɗan Ƙwallon Da Bai Taɓa Ƙwallo Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya cika da hantsi ranar kasuwar Bagudo, kuma daga lokacin da aka rufe mashi ido har maza suka dawo daga maƙabarta ban iya ajiye jikina wuri ɗaya ba. In zauna kan tabarma, in tashi, in leƙa madafa, in je bakin zaure, in dawo. Mata suna ta cewa in yi haƙuri, zafin rashi ne. Akwai zafin rashi, ban musa ba. Amma abin da ya hana ni zama daban ne. Tsoro nake ji kada a rufe mutumin nan da sunan maƙaryaci, sunan da garin nan ya liƙa mashi tun shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi. Bai bar ɗa ba, bai bar ɗiya ba, matarshi ta riga shi tafiya. In ba a wanke shi yau ba, yaushe za a wanke shi?

Kuma ba tsoron banza nake yi ba. Mace ta farko da ta shigo gaisuwa, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta ce, "Allah jiƙan Bai-Taɓa." Bai-Taɓa! A cikin addu'a ma sunan tsiyar nan ne a bakinta. Wata maƙwabciyarmu ta riƙe hannun Inna, mahaifiyata ke nan, ta ce, "Mutumin kirki ne wallahi, ba ya faɗa da kowa. Sai dai ɗan labarin Amurkan nan, Allah ya yafe mashi." Na dube ta sama da ƙasa, Inna ta matse mini gwiwa. Matan Sarkawa masu kifi sun zo daga bakin kogin Kwara da kwandon banda, suka zauna can gefe. Mai kemis na bakin tasha, ɗan Kudu ne Kirista da ya tsufa a garin nan, ya rufe shago ranar kasuwa guda, ya zo ya tsaya ƙofar gida da hula a hannu yana kuka kamar an ce uwarshi ce ta mutu.

Sai ga muryar da na fi ƙi a duniya ta taso daga zaure. Taubashin Kawu ne, ɗan gwaggonsu. Wanda bai san al'adar ba, taubashi abokin wasanka ne na jini: ya zage ka, ya kunyata ka, ya cinye maka abinci, ba ka da ikon fushi. Ana yanka likkafani, sai na ji shi yana cewa, "Ku ƙaro yadi, jama'a! Wanga Amurka ta kiwata shi, yadin talaka ba ya isa." Maza suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ban san sanda na kai bakin zaure ba.

"Baba, har yau? Gawa na kwance!"

"Ɗiyata, taubashina ne. Yau ma nawa ne, sai an rufe shi."

Inna ta janye ni ciki da bakin zanena. Da aka ɗauke shi aka fita, gidan ya yi tsit, sai ni kaɗai ina kai da kawowa a tsakar gida, Kawu yana ta dawo mini gutsure-gutsure.

Inna ta sha ba ni labarin tafiyarshi. Yana saurayi ɗan kokawa ne. Bayan girbi, daga Zagga har Matsinkai ba wanda ya taɓa kai bayanshi ƙasa. A makarantar sakandare wani malami ɗan Amurka ya ga yadda yake ɗaga ƙattai, ga kuma kai yana ja, ya samo mashi gurbin karatu a ƙasarsu. Can suka ga ƙirar jikin, suka sa shi a wasan ƙwallonsu. Da ya gama karatu wata ƙungiya ta ɗauke shi, wasan ya zama sana'arshi, ya yi shekaru yana yi har gwiwoyi suka ce sun gaji. Mu nan Bagudo abu ɗaya ya iso kunnenmu: ɗan gidanmu yana buga ƙwallo a Amurka. Ƙwallo kuwa a wurinmu guda ɗaya ce, wadda ake bugawa da ƙafa a zura a raga.

Da ya ji an yanke Kebbi daga Sakkwato, sai ya ce sabuwar jiha tana bukatar 'ya'yanta, ya tattaro ya dawo. Ina amarya lokacin. Ina tsaye a tasha sanda ya sauko daga mota, na ga motar ta ɗago kamar ta yi ajiyar zuciya. Wuya ya haɗe da kafaɗa, yatsun hannu duk sun karkace, yana tafiya yana jan ƙafar hagu. Kayanshi akwati ɗaya ne da wata hular kwano mai sandunan ƙarfe a fuska. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da dattawa, sai da mutum biyu suka kama shi ya tashi.

Garin kuwa na cikin murnar jiha. Kowa ya zama ɗan siyasa, kowa na lissafin kwalta da lantarki da za a kawo. Da aka gama girbi samari suka shirya wasan ƙwallo da samarin tsallake, na ƙasar Benin, a filin firamare. Tun da can suna cinye mu, suna komawa da tsiya a baki. To bana ga ɗan ƙwallon Amurka a hannunmu, wa zai tsaya mana? Taubashin Kawu shi ne mai shela a garin, shi ke yawo da lasifika a bayan keke. Ya bi lungu-lungu yana cewa kowa ya fito ya ga abin da ido bai taɓa gani ba.

Kawu ya faɗa musu. Wallahi ya faɗa, a gabana aka yi. Ya ce, "Jama'a, wasan da niy yi ba wanga ne ba. Ni ban iya taka ƙwallo ba." Dattawa suka dubi juna suna murmushi, suka ce kun ga tarbiyya, Amurka ba ta cire mashi kunya ba. Ya sake faɗa, suka ce kawaici ne irin na gidansu. Ai mu a nan mutumin kirki ba ya cewa na iya. Ko tuwo aka ba shi sai ya ce ya ƙoshi, a matsa mashi kafin ya ci. Haka suka ɗauki maganarshi. Duk ƙin da ya yi, sai ya ƙara musu tabbacin gwani ne. Aka sa tela ya ɗinka mashi riga, aka turo mashi liman da maigari, har Inna ta ce, "Yaya, kada ka ba mutane kunya." Wannan kalmar ce ta fitar da shi fili.

Fili ya cika maƙil, har kan itatuwa. Alƙalin wasa ya ɗaga usur zai hura, sai muka ga Kawu ya buɗe ƙafafu, ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya kafa ido gaba, ya ƙame. Ko gashin ido ba ya motsi. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Salla zai yi?" Aka fara wasa. Ƙwallo ta gangaro har gaban ƙafarshi, fili ya ɗauki ihu, shi kuwa ko kallonta bai yi ba. Sai da ɗan gabanmu, wani siririn saurayi, ya ɗauko ta a guje, sannan Kawu ya zabura ya shiga gabanshi. Ɗan bayan Benin na farko ya taho, Kawu ya sa tafin hannu biyu a ƙirjinshi, sai ga mutum a sama. Na biyu ya bi shi. Na uku ya yi dabara ya kauce da kanshi. Hanya ta buɗe fetal, saurayin ya je ya zura ƙwallo a raga, amma wa ya kula? Alƙali na hura usur kamar zai fasa kumatu, mutanen tsallake sun shigo fili da sanduna, ana Dendi ana Faransanci ana Hausa, ba mai jin wani. Aka soke cin, aka ɗaga wa Kawu jan kati. Taubashi ya kama lasifika yana dariya har da hawaye, ya kira sunan Kawu, ya ce, "Ga ɗan ƙwallon Amurka nan ya hita, jama'a, kuma bai taɓa ba!"

Daga nan sunan ya fito. Kafin magariba yara sun sa shi a waƙa.

Washegari da la'asar na tarar da shi a tsakar gidan Inna yana shafa man zafi a gwiwa. Ni bakina ba ya da linzami tun ina yarinya. Na ce, "Kawu, don Allah gaya mini gaskiya. Ka buga ƙwallo a Amurka ko ba ka buga ba?"

Bai ji haushi ba. Ya ɗebo goro daga ƙwaryar Inna, ya jera biyar a kan tabarma, ya ajiye ɗaya a bayansu.

"Mu biyar ke nan, kahwaɗa da kahwaɗa, awa sahun salla. Wanga na baya shi ka riƙe ƙwallo, ya jehwa ko ya miƙa ma mai gudu. Gabanmu akwai ƙattai da ba su da buri sai su murƙushe shi. Aikina in tsaya."

"To ƙwallon fa?"

"Tana bayana."

"Ba ka ganinta?"

"In na waiwaya, na kashe na bayana."

"To yaya kake sanin an ci?"

"Ji nika yi. In jama'a sun tashi da ihu, na san mutumina ya wuce."

Ya ɗauki goron baya ya ɓare ya miƙo mini rabi. Ya ce kafin a fara, ko ƙuda ya sauka a hancinka ba ka motsi, in ka motsa ka ja wa kowa hukunci. Ya ce mai jifa da mai gudu, yara ma sun san sunansu, ana buga hotonsu a riga. "Mu kam ba a ambatonmu a lasifika sai mun yi laifi. Alƙali ya jefa ƙyalle, sai ki ji lambar rigarki ta cika fili. Ranar da niy yi aiki mai kyau, har in koma gida ba wanda ya kira ni." Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kin ga jiya ma haka ta kasance."

Ni na yarda da shi a take, don mai ƙarya ba ya ƙirƙiro wa kanshi aikin da ba yabo a ciki. Amma gari bai yarda ba. Aka ce wanke-wanke ya yi a Amurka. Aka ce hular kwanon ta babur ce ya kai wa maƙeri ya sa mata ƙarfe. Mai kemis ya rantse da Allah ya taɓa ganin irin wasan a talabijin a Legas, kuma yadda Kawu ya faɗa haka yake, aka ce ai dole ya kare mai sayen man zafinshi. Hular ta ƙare a bayan rumbun Inna, kaza tana ƙwai a ciki. Kawu ya gani ya ce a bar ta, gara ta yi amfani.

Da a dariya abin ya tsaya, da da sauƙi. Ya nemi aikin koyar da wasanni a wata makaranta, aka ce a je a dawo, har yau ana dawowa. Rikicin iyakar gona ya tashi tsakanin danginmu da wasu a Zagga, Kawu ya san inda kakanmu ya dasa iyaka don da shi aka dasa, ya tashi gaban dattawa zai ba da shaida. Wani daga ɗaya ɓangaren ya ce, "A'a, a kawo wanda bai je Amurka ba." Aka fashe da dariya, aka wuce maganarshi kamar bai yi ba. Gonar ta tafi. Ran nan na ga Kawu ya dawo gida bai ci abinci ba. Wannan ne abin da wasan taubashi ya haifa, kuma shi ya sa na ɗaura gaba da tsohon nan.

Zama bai karɓi Kawu ba. Ya koma bakin Kwara, gaba da Illo, inda jiragen ruwa ke sauke kaya daga tsallake, yana jan jirgi yana dakon buhuna tare da samarin da a shekaru ya isa ya haife su. Ni ma can nake sarin banda in kawo Bagudo.

Wata ranar kasuwa, ina da tsohon cikin ɗana na fari, na ɗauko kwandon kifi a ka na shiga wani lungu tsakanin rumfunan banda da tarin buhunan shinkafa. Lungun da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Mata ne cike, da kaya a ka, da goyo a baya. Ana sauke shanu daga wani babban jirgi, sai wani bijimi ya tsinke igiya. Ihu kawai na ji, na juyo, na ga ƙaho ya cika bakin lungun yana tahowa. Gudu ina? Cikina ya kai nan. Mutane suka danno ni, kwando ya kife, na faɗi a kan gwiwa.

Ban san ta inda Kawu ya ɓullo ba. Na dai ga bayanshi ya tare mini haske. Ya buɗe ƙafafu, ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, irin durƙuson da aka yi wa dariya a filin firamare. Ya ƙame. Sai da bijimin ya sunkuyar da kai, sannan ya zabura ya shige ƙarƙashin ƙahon, ya kafa kafaɗa a wuyan san. Ƙarar haɗuwar har yau tana kunnena, kamar an yar da buhun gero daga kan mota. San yana turo shi, ƙafafunshi suna yin kunya biyu a cikin laka, amma bai faɗi ba, bai kuma ba shi hanya ba. Yana cewa, "Ku wuce! Ku wuce!" Wata mata ta ja ni cikin rumfa. Sauran suka tsere ta baya. Kafin nan Bafulatanin da ya kawo shanun ya jefa igiya ya kama ƙafar bijimin ta baya, aka taru aka kayar da shi.

Kasuwa ta ɗauki kirari. Wa ake yi wa? Bafulatani! Aka ɗaga shi sama, aka cika mashi aljihu da goro. Ban ce bai yi ƙoƙari ba, ya yi. Amma wanda ya tsayar mashi da san har ya samu ƙafar kamawa yana zaune a laka, ƙashin kafaɗa a karye, ƙaho ya tsage mashi haƙarƙari. Na rarrafo wurinshi. Bai ma juyo ba, yana kallon gaba yana haki, ya ce wa wanda ke tsaye kusa, "Ɗiyata ta wuce?"

Na ce, "Ga ni, Kawu."

Ya ce, "To an ci."

Kafin mu iso Bagudo labari ya riga mu, kuma a karkace ya iso. Wai sa ya ture Bai-Taɓa, ƙiba ta hana shi gudu. Waɗanda ke nesa abin da suka gani ke nan: ƙato a ƙasa, Bafulatani da igiya. Matan da ke lungun kuwa yawancinsu 'yan tsallake ne, sun hau jirgi sun koma. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe, aka ce ai ɗiyar ƙanwarshi ce, me za ta ce? Abin da ya fi ƙona mini rai, taubashi yana cikin lungun. Da idona na gan shi a bayana ya yar da hula yana neman hanya. Da ya zo duba Kawu a gidan mai ɗori, abin da ya fito daga bakinshi shi ne, "Kai Bai-Taɓa, yau kam an taɓa ka!"

Na tashi da cikina zan yi mashi wankin babban bargo. Kawu ya ɗaga hannun da bai karye ba.

"Zauna. Taubashina ne, haƙƙinai ne."

"Kawu, ya gani fa! Ya faɗa wa mutane mana!"

"Ke kin wuce, abin cikinki ya wuce. Mi kika nema kuma?"

Abin da nake nema shi ne a san shi. Shi bai damu ba, ko ya nuna bai damu ba, ni na damu, kuma na yi shekaru ina gai da tsohon nan da baki kawai.

Tsufa bai zo wa Kawu da sauƙi ba. Mutumin da ya iya ƙamewa ko ƙuda ba ya kora, sai ga shi ba ya iya zama. Kai ke ciwo, ya ce karon da ya sha ne yake biya. Ya fara mantuwa. Ya kira ni da sunan Inna, ya tambayi matarshi da ta daɗe a ƙasa. Da an sallame asuba sai ya kama hanyar Illo da ƙafa yana jan gwiwa, ko ya nufi Zagga wai zai duba iyaka. In yara na wasa suka hura usur, sai ka gan shi ya durƙusa a tsakiyar titi ya dafa ƙasa. In ya ga mata za su tsallaka hanya da kaya, ya shiga gabansu ya ware hannu, 'yan acaba suna zagi suna kaucewa. Mai kemis ya daina karɓar komai a hannunshi, ya kan zaunar da shi a benci ya shafa mashi man da kanshi. Ba a minti nawa sai ya miƙe.

Ni in na je dawo da shi, ba ya bi na. Ɗana ya je, ba ya bin shi. Mutum ɗaya yake ji, kuma ko ban so ba sai na faɗa: taubashin nan ne. Zai bi shi a kan tsohon kekenshi har ya cim mashi, ya ce, "Kai Bai-Taɓa, an tashi wasa, an cinye ku. Mu tai gida." Sai Kawu ya yi dariya ya juyo, su taho suna zagin juna. Ina ganin haka, amma zuciyata ba ta sauko ba. Dawo da mutum gida daban, dawo mashi da mutuncinshi daban.

Ina cikin wannan tunanin, rana ta karkata, maza shiru. Na ƙara leƙa zaure. Inna ta ce in zauna don Allah ina sa mata jiri. Can sai ga ɗana ya shigo, wanda ke cikina ranar bijimi, yanzu magidanci da 'ya'yanshi. Ƙafafunshi duk jar ƙasa, idanunshi sun yi ja. Bai tsaya wurin mata ba, ya ja ni bayan rumbu.

Na ce, "Mi ya tsai da ku? Tsohon nan ya sake yin wata tsiyar ko?"

Ya ce, "Tsaya ki ji."

Ya ce bayan an yi salla sun ɗauki makara, kuma Kawu ko a tsufa ba ƙaramin kaya ba ne, ana ta canjin kafaɗa. Hanyar maƙabarta dole ta ratsa gefen kasuwa, ga shi kasuwa ta cika ta batse. Amalanke, babura, masu tallan doya, motar shanu ta tsaya a gicciye. Ana ta salati ana neman hanya, ba mai ji don hayaniya. Makara ta tsaya cak a rana, kafaɗu sun fara rawa.

Sai taubashi ya fito daga cikin sahu ya je gaban makara. Ya yar da sandarshi. Ya buɗe ƙafafu, ya durƙusa da ƙyar, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Mutane suka fara dariya, an zaci wasan taubashi ne na ƙarshe. Shi kuwa ya miƙe ya ware hannu, ya sa kafaɗa a jikin amalanken farko ya tura. Tsohon da iska ke iya kayarwa! Ya bangaje kan babur, ya ture kwandon wani, yana cewa, "Ku ba da hanya! Ku ba da hanya!" Hularshi ta faɗi bai ɗauka ba. Wani ya buge mashi baki da gwiwar hannu, jini ya fito, bai tsaya ba. Dariya ta mutu. Mutane suka fara darewa da kansu, makara ta bi bayanshi. Ɗana ya ce tun daga bakin kasuwa har ƙofar maƙabarta tsohon nan bai waiwaya ba. Da ya kai ƙofar ya dafa ginin yana haki, fuskarshi na gaba, ya ce, "Kun wuce da shi?"

Ɗana ya ce mashi, "Mun wuce, Baba."

Bayan an rufe, an yi addu'a, jama'a za su watse, sai ya ce a dakata. Muryar shela ce da shi, ba ya bukatar lasifika. Ya ce, "Ni ina cikin lungun ranar bijimi, a bayanai nike. Ba ture shi aka yi ba, tsayawa yay yi, ba don shi ba da ni da matan da ke wurin ba mu kai yau ba. Abin da yac ce ya yi a Amurka, ya yi shi, ni na ga irinai da idona. Wasa niy yi da taubashina, ku kuka maishe shi gaskiya, ni kuma na ji daɗin dariyarku na ƙyale. Wanga mutum bai taɓa yi muku ƙarya ba." Sannan ya kira Kawu da sunanshi na yanka, da sunan mahaifinshi, da ƙarfi, ya ce kowa ya maimaita ya roƙa mashi gafara. Ɗana ya ce har mai kemis da ke tsaye bayan katanga ya maimaita.

Na zauna a ƙasa nan bayan rumbu, kusa da tsohuwar hular kwanon da ta yi tsatsa, kuma zaman kirki na farko ke nan da na yi tun hantsi. Na yi kukan da ban samu yi ba. Da na share fuska na zuba tuwo da kan kifi mafi girma a cikin bandar Sarkawa, na ce ɗana ya kai wa tsohon a zaure, ya gaya mashi ya makara ƙwarai, amma na ji.

Ni ban gani ba, Kawu, ji na yi, kamar yadda kai ma kake ji. Allah ya buɗe maka hanya yadda ka buɗe mana, ya sa ka samu zaman da ka rasa a nan. Ran nan an kira sunanka a gaban jama'a, kuma ba ka yi laifin komai ba.